Sun Ƙone Mini Fara

Daren Laraba, ƙarshen damina, Badarawa

Wata uku ina kiwon farar nan mai jan fiffike cikin tsohon gidan sauro, tunda feshin magani ya kusa ƙarar da irinta. Yau na kai su fadama zan sake su, sai ga Kawu Mudi da manoma, kowa da sanda.

"Malam, hwara kaka kiwo muna, ga gero ya fidda kai?"

Na rantse ciyawa kaɗai suke ci. Ban rufe baki ba Kawu Mudi ya fasa mini goshi. Suka banka wa gidan sauron wuta, ina ji suna fashewa.

Da na zo wanke jinin, fara biyu suka faɗo daga aljihuna. Duka maza ne.