Ƙararrawar Majalisa

Washington, 9 ga Janairu.

Yaya Darlene,

Gaisuwa mai yawa. Yaya Mama da ciwon ƙafarta? Yaya yara da sanyin Nebraska?

Yaya, an rantsar da mijina Wendell ɗan majalisa! Ina zaune a bene ina kallo ya ɗaga hannu, ya miƙe ƙyam irin tasu ta sojoji, kamar jarumin littattafan soyayyar nan da kike ƙwace mini. Na sha kuka har wata mata ta miƙo mini hankici.

Lafiyarmu ƙalau, kada ku damu. Abu ɗaya ne kawai. A nan, in za a jefa ƙuri'a sai ƙararrawa ta ɗauka ko'ina a ginin majalisar, kuma kin san yadda ya dawo daga yaƙi, kowace ƙara razana shi take yi. Shekaranjiya tana kaɗawa ya faɗa ƙarƙashin tebur, ga baƙi a ofis. Ya miƙe ya ce, "Alƙalamina nake nema." Suka yi dariya. Da suka fita ya ce, "Loretta, ranar da 'yan jarida suka ga wannan, tawa ta ƙare." Na ce, "Ranka ya daɗe, matarka fa tana da dabara."

Don Allah ki aiko mini da ƙararrawar da Mama ke kiran ma'aikatan gona cin abinci da ita. Ki ce mata ado zan yi da ita. Kullum zan kaɗa masa kafin in zuba abinci, har ya zama in ya ji ta majalisa, yunwa za ta kama shi, ba tsoro ba.

Allah ya bar mu tare.

Ƙanwarki,
Loretta.