Littattafan da Gara ta Riga Yaranmu Karantawa

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ƙungiyar Tsofaffin Ɗaliban Makarantarmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyali, ni ce malamar Hausa a sakandaren da ka yi karatu, nan ƙasar Roni. Sau biyu ina aika maka takarda ta hannun shugaban makaranta, shiru. Shi ya sa na rubuto a fili. Ka gafarce ni, raina a ɓace yake.

Na ɗaya. Ranka ya daɗe, kai ka sa na zaɓo littattafan labari da suka dace da yara 'yan shekara sha uku zuwa sha bakwai. Ban yi wasa da aikin ba. Hutu guda na ƙarar ina karatu, na tsamo na kasada, na bincike, na tarihin garuruwa, har da na soyayya masu tsafta, don ƙarya muke yi in muka ce 'yan matan nan ba sa so. Ka saya, Allah Ya saka maka da alheri. Kwali huɗu aka kawo mana daga Kazaure.

Na biyu. Da suka iso, aka ce kada wanda ya taɓa su sai ka zo ka ƙaddamar, an yanka ƙyalle, an ɗauki hoto. Aka kulle su a sito. Sau uku ana sa rana, a kafa rumfa, yara su share fili su jeru a rana, ba ka zo ba. Damina biyu ke nan.

Na uku, kuma shi ne ya hana ni sukuni. Ina da ɗaliba, Rukayya, shekararta sha shida. Ban taɓa koyar da mai ƙishin karatu irinta ba. 'Yan littattafan da ke ɗakina ta cinye su tas, ta riƙa dawowa duk Litinin tana tambaya ko an buɗe kwalayen, ni kuma ina ce mata ta ƙara haƙuri. Da ta gaji, sai ta koma wayar yayarta, ta faɗa cikin labaran nan da ake turawa a zaurukan hira, waɗanda ko matar aure ta karanta sai ta ji kunya. Mahaifinta ya kama ta, ya karanta shafi ɗaya, ya ce abin da boko ke koya mata ke nan. Ya cire ta daga makaranta. Yau sati shida.

Na je har gidansa tare da maigidana. Mutum ne mai mutunci, bai wulaƙanta mu ba. Sharaɗi ɗaya ya kafa: in kawo masa abin da makaranta ke ba yara su karanta, ya duba da idonsa. In mai tsafta ne, za ta koma.

Na huɗu. Washegari na roƙi mai riƙe da makullin sito ya buɗe mini. Innalillahi! Kwali uku gara ta mayar da su ƙasa, ka ɗaga bango sai ya zube a hannunka. A na huɗun na tsira da guda sha tara. Wallahi a wurin na zauna na yi kuka. Kafin a tashi daga makaranta an miƙo mini takardar tuhuma, wai na buɗe kaya kafin biki. Aka karɓe sha taran, aka mayar cikin kwali, aka liƙe bakinsa don ya yi kyau a hoto ranar da za ka zo. Ko guda ɗaya ban fita da shi ba. Haba, ranka ya daɗe! Don wa aka sayi littattafan nan?

Ga roƙona. Ba sai ka zo ba. Ka ɗaga waya ka ce a buɗe, yau ɗin nan, a ba ni ko uku in kai wa mahaifin yarinyar. Sauran a ɗora su a kan kanta inda hannun yara zai kai. In littafi ya yage a hannun yaro, ai ya yi aikinsa. Takardar tuhumar kuwa a bar ta a fayil ɗina, ba ta dame ni ba.

Jarrabawar zango saura sati biyu. In Rukayya ba ta zauna ba, sai ta maimaita aji, mahaifinta kuma ya riga ya faɗa mini ba zai yarda da maimaici ba. Har yanzu ina kiran sunanta a rajista da safe, ajin ya yi tsit, sannan in wuce na gaba.

Allah Ya ƙara maka lafiya da buɗi, Ya raya maka zuri'a, Ya sa takardar nan ta same ka da wuri.

Wassalam.

Malamar Hausa,
daga ƙasar Roni.