Fangali Goma da Ba a Fesa Ba

Aliero, 6 ga Disamba, 2008

Zuwa ga malamina, Malam Jibrilla,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kai da iyali kuna lafiya, kunnen kuma ya yi sauƙi. Tunda waya ba ta yi maka amfani, na ba Surajo direba wannan takarda ya kawo maka Maiyama.

Ka tambayi yadda aiki yake a sabuwar jami'a. An ɗora mini falsafar kimiyya, darasin da ya zama dole ga kowane ɗan aji ɗaya. Sun kai ɗari huɗu a ɗaki guda, ba lasifika. Abin da nake son su gane shi ne, ba a karɓar magana don girman mai faɗinta, sai an gwada ta ta hanyar da za ta tonu in ƙarya ce. Sai su rubuta, su haddace, su maido mini ba ragi ba ƙari. Tambayarsu kullum ɗaya ce: "Malam, wannan zai fito a jarrabawa?"

Sai ɗaliba ɗaya, Raihanatu, ɗiyar Malam Almu, manomin albasa a Danwarai. Ta tare ni bayan aji ta ce babanta yana sayen wani maganin feshi a kasuwar Jega duk shekara, mai sayarwar yana rantsuwa yana hana zazzalau, cutar nan mai ƙona ganyen albasa. Ta ce, "Ta yaya za mu san maganin ne ke aiki, ko cutar ce dai ba ta zo ba?" Na ce a bar wani sashe ba feshi, a kwatanta. Ta ce za ta lallashi babanta.

Tun da na fara aikin nan ban ji daɗi irin na ranar ba.

Ɗalibinka,
Haliru


Danwarai, 20 ga Fabrairu, 2009

Malam,

Assalamu alaikum, da fatan kana lafiya, ya aiki? Ka yi haƙuri da rashin ganina a aji mako uku.

Baba ya yarda da gwajin, don ni ce ta farko a gidanmu da ta shiga jami'a, kuma ba ya son musa mini. Fangali arba'in gare shi a fadama, wato ƙananan filayen da ake dasa albasa ana ba su ruwa. Ya fesa talatin, ya bar goma. Duk Asabar nakan zo in duba in rubuta abin da na gani.

Farkon watan nan cutar ta zo. Ganye ya yi tabo ya kwanta, kawunan suka ruɓe a ƙasa. Ba goman kawai ba, Malam, duka arba'in ɗin. Abin da muka tsinta bai cika buhu huɗu ba, kuma da albasar nan muke ci har damina.

Na ce wa Baba ga shaida nan, maganin ba ya aiki, tunda wanda aka fesa ma ya mutu. Ya tafi Jega ya sami mai maganin. Mutumin ya ce goman da aka bari su ne suka tara cutar har ta yi ƙarfi ta rinjayi maganin. Baba ya yarda da shi. Ya ce na gama karatu ke nan.

Na duba duk abin da ka koya mana, ban ga yadda zan ƙaryata mutumin nan ba. Ka gaya mini abin da zan ce.

Ɗalibarka,
Raihanatu


Aliero, 2 ga Maris, 2009

Malam,

Assalamu alaikum, ina gaishe ka da gida. Ga wasiƙar yarinyar nan na haɗo maka, ka fara karanta ta.

Na je Danwarai ranar Juma'a. Malam Almu ya shimfiɗa mini tabarma, ya sa aka kawo fura. Bai ɗaga murya ba ko sau ɗaya.

Ya ce, "Kai ne malamin da yac ce a bar albasa ba magani?"

Na ce ni ne.

"Ka taɓa noma albasa?"

Na ce a'a.

Ya ce, "To tambaya guda ni ka yi maka. Kana iya rantsuwa ba goman nan suka kawo muna wanga abu ba? In ka rantse, gobe ta koma makaranta."

Malam, na kasa. Fangalin a manne suke, ruwa ɗaya ke ratsa su, iska ɗaya ke kaɗa su. Abin da mai maganin ya faɗa yana iya yiwuwa, ko da shi ma bai san gaskiyarsa ba. Na tambayi maƙwabta da suka fesa gonakinsu duka: wasu sun yi asara, wasu sun tsira. Wannan bai wanke kowa ba.

Abin da ya fi ci mini rai, wannan shi ne darasin mako na tara: gwaji guda ba ya yanke hukunci, don kullum akwai wani dalilin da za a iya ɗora wa laifi. Ina da shi a rubuce tun kafin ta tambaye ni. Murnar samun mai sauraro ta sa na ba ta rabin magana ta tafi da shi gonar ubanta.

Na ce masa ba zan iya rantsuwa ba. Ya ce, "Na gode da ba ka yi min ƙarya ba." Raihanatu tana bayan zana, ta ji komai.

Yau Litinin na koyar da darasin nan ga sauran ɗalibai. Sun rubuta.

Ina tunanin ajiye aikin.

Haliru


Maiyama, 9 ga Maris, 2009

Ɗana Haliru,

Wa alaikumus salam. Muna lahiya, sai kunne da yaƙ ƙi.

Na karanta duka biyun. Shekara talatin ina koyar da kimiyya a sakandare, ban taɓa jawo wa kowa asara ba. Kada ka ɗauka hikima ce. Ba a taɓa samun wanda ya ɗauki maganata da gaske ba ne har ya fita da ita daga aji.

Da ka rantse da ta koma makaranta, kai kuma da ka rushe abin da kake koyarwa. Ka ƙi rantsewa, ita ta zauna gida. Ban san wanda zan zaɓa ba da ni ne, kuma ba ni da maganar da za ta sanyaya maka rai.

Kada ka ajiye aiki, ba abin da zai gyara. Bari damina ta wuce, hatsi ya shiga rumbu, ka koma wajen uban.

Allah shi yi maka albarka.

Jibrilla


Danwarai, 14 ga Nuwamba, 2009

Malam,

Assalamu alaikum. Na gode da zuwanka har sau biyu. Don Allah kada ka sake wahalar da kanka, Baba yana jin nauyinka amma ba zai canza ba.

An fara dashen bana. Ya sake sayo maganin nan a wajen mutumin. Ni nake auna masa, don ni kaɗai ke iya karanta rubutun jikin kwalbar.

Ka huta lafiya.

Raihanatu