Sunanka da Na Ara

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar ƙanwa ga babban wa, tare da roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Maman yara da duk wanda ke ƙarƙashin kulawarka. Yaya ciwon bayan nan naka? Na ji likita ya ce ka riƙa hutawa, na ce lallai bai san ka ba, don tun muna yara ba a ganinka zaune sai in an sauke tukunya. Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan lafiya lau. Babbar 'yata ta koma aiki, jaririnta ya fara rarrafe, Auta kuma yana fama da jarrabawar ƙarshe. Gwiwata ce dai take nan yadda ka san ta.

Za ka yi mamakin ganin takarda alhali ga waya a hannuna. Dalilin shi ne tagar ɗakina tsakar gida take kallo, ko tari na yi sai wani daga sama ya ce min sannu. Maganar da zan faɗa maka kuwa ba ta son kunne, kuma da sunanka a ciki.

Ka tuna lokacin da na ajiye aikin koyarwa, aka ba ni kuɗin sallama, na haɗa da na filin da marigayi mijina ya bar min? Kai ka ce kada in zuba su a kasuwar da ban sani ba, in nemi gidan haya mai sassa da yawa, in zauna a ɗaya, sauran su riƙa ciyar da ni. Na bi shawararka. Dillali ya samo min benen nan mai sassa biyar, uku da mutane a ciki, biyu babu kowa. Na sa an duba takardu, na sa an duba tushen gini, har tankin ruwa sai da na sa aka leƙa. Abin da ban duba ba shi ne bakina.

Ranar da na tare, na tarar da matakala ta yi kaca-kaca, sai na ɗaura tsohon zane na kama shara. Ina cikin yi direban bas da ke hawa na biyu ya sauko. Ya yi min sannu da zuwa, ya ce ashe ni ce sabuwar 'yar hayar ƙasa, to in ɗaure ɗamara, don ya ji an sayar da gidan, kuma masu gidan haya duk uwarsu ɗaya, ba su san komai ba sai ƙarshen wata. Ban kai ga amsawa ba sai ga wata dattijuwa daga hawan ƙarshe, wadda kowa ke kira Inna Tela, ta sauko da shayi a kofi, ta karɓe tsintsiyar, ta ce baƙo ba ya shara ranar da ya zo. Yaya, kunya ta kama ni. Ga shayin mutane a hannuna, ga zagin da aka yi wa mai gida bai huce ba. Sai na ji bakina yana cewa gidan na yayana ne da ke can nesa, ni an ajiye ni ne kawai in riƙa lura da shi. Kai da ko sisi ba ka sa a ciki ba, a ranar ka zama mai bene.

Da farko abin ya yi min daɗi, ba zan ɓoye maka ba. Da na so a daina shanya a kan ƙarfen matakala, na ce kai ka hana. Da na so Direba ya daina toshe ƙofa da motarsa, na ce ka bugo waya kana faɗa. Da lokacin sabunta haya ya yi na ƙara ɗan abin da ya kamata, na sunkuyar da kai na ce na roƙe ka har na gaji, ka ƙi. In suka kawo kuka, sai in ce bari in kira ka. In shiga ɗaki, in tsaya kusa da taga, in kara wayar da ban kira kowa da ita ba a kunne, in yi ta cewa don Allah Yaya ka duba, mutanen kirki ne. Sannan in fito da fuskar tausayi. Ni da na yi shekara talatin ina hukunta yara a kan ƙarya. Yanzu a gidan nan ba a kiranka da komai sai Ba Sani Ba Sabo, kuma ko yaran Direba sun iya sunan.

To ga inda igiyar ta shaƙe ni. Sashen da ke hawa na biyu, mai iska da hasken rana, shi na yi niyyar komawa in an gama fenti. Amma wace mai gadi ce ke zama a sashe mafi kyau? Dole na ba da shi haya, na ci gaba da zama a na ƙasa, bango ɗaya da injin tura ruwa, inda danshi ya ci ƙafar gadona. Kujerun da na saya suna can gidan 'yata a lulluɓe, don ban san yadda zan shigo da su ba. Kayan fitata suna ƙasan akwati. 'Ya'yana ma na ja musu kunne, in sun zo sai su yi ta taunar harshe. Gidana ne, da guminmu ni da marigayi aka saya, amma ko ƙusa ba na iya bugawa sai na yi kamar na nemi izini.

Abin da ya fi ci min rai shi ne alherinsu. Wata nas da ke haya a saman kaina takan kawo min man shafawa na gwiwa, ta ƙi karɓar komai, ta ce ai ta san ɗan'uwan nan nawa ba ya ba ni abin kirki. Inna Tela ta ɗinka min riguna biyu, da na miƙa mata kuɗi ta ture hannuna, ta ce haba ƙanwata, ni da ke duk a tafin hannun mutum ɗaya muke. Kullum da yamma nakan hau wurinta da ƙyar, in zauna kusa da keken ɗinkinta ina tsinke mata zare muna hira. Tun rasuwar marigayi ban sami wadda nake sakin jiki da ita haka ba. Kuma duk hirar da muka yi, a kan ƙarya take zaune. In na sauko sai in ji kamar na saci wani abu a ɗakinta.

Watan jiya rufin sashenta ya fara yoyo, har ruwa ya ɓata mata yadin mutane. Kafinta ya hau ya duba, ya ce katakon ya ruɓe, sai an ɗaye rufin gaba ɗaya, kuma dole ta tashi na wata biyu. Gaskiya ce, ba zalunci ba, kuma da a matsayin mai gida na je mata da mun zauna mun nemi mafita. Amma na saba. Na ce kai ka ce ta tashi. Ba ta yi faɗa ba, ta dai cire tabarau ta daɗe tana gogewa, ta ce shekararta goma sha tara a ɗakin nan, a nan mijinta ya cika, kuma masu kawo mata ɗinki nan suka sani. Ta ce in gaya maka ta gode.

Ana cikin haka saƙonka na murya ya shigo waya cewa za ka zo wata mai kamawa, kuma a wurina za ka sauka. Ina tsakar gida na saurara, murna ta sa na yi shewa na ce Yayana zai zo. Kafin in rufe baki maganar ta hau bene ta sauko.

Ranar Asabar da la'asar Direba da Nas da Inna Tela suka taru a kan matakala, suka kira ni. Direba ya ce shi a bar shi da kai a bakin ƙofa, minti biyar ya ishe shi. Nas ta ce a'a, a rubuta maka takarda cikin ladabi tun kafin ka iso. Ita ce wadda ka gani a ninke cikin wannan. Buƙatu uku ne. Na farko, a gyara rufin rabi-rabi don Inna Tela ta zauna a ɗaya ɗakin, kuma na tambayi kafinta a ɓoye ya ce zai yiwu. Na biyu, ka ji tsoron Allah ka fitar da ƙanwarka daga ɗakin danshi, don gwiwarta. Na uku kuma, tunda kai ba ka da lokacin mutane, ka sakar wa ƙanwarka ragamar gidan gaba ɗaya, don ita ce mai zuciyar imani, kuma ita ba ta taɓa yi musu ƙarya ba. Inna Tela ce ta ce lallai a sa wannan jimlar ta ƙarshe.

Da suka gama sa hannu, Nas ta miƙo min biro, ta ce kada in ji tsoronka, suna bayana. Duk suka zuba min ido. A nan ya kamata in faɗa, Yaya, na san a nan ne. Na buɗe baki, Inna Tela ta dafa kafaɗata. Duba ƙasan takardar, hannu na huɗu nawa ne.

Ka yafe min sunanka da na ara na ɓata. Ban san amsar da zan roƙe ka ka ba su ba. In ka ƙi, ka tabbata Ba Sani Ba Sabo a kan gidan da ba naka ba. In ka yarda, ba ni da sauran wanda zan ɓuya a bayansa, kuma ranar da suka ga sunan da ke kan takardun gidan, ban san da idon da zan hau benen nan ba. Aikin rufin dai na ce wa kafinta ya fara rabi-rabi ranar Litinin. Na ce musu kai ka sassauta ka yarda.

Ka gaishe min da Maman yara da kyau, da Dogo da amaryarsa, da takwarata 'yar lelenka, da Gwaggo in kun yi waya. Auta yana gaishe ka, ya ce kada ka manta da alkawarin agogo. Nas ta ce a gaishe ka don ladabi. Inna Tela ta ce kada in gaishe ka, amma tun jiya take ɗinka rigar matashin da za ka kwana a kai, ta ce ko yaya kake, jinina ne kai.

Wassalam, taka har kullum,
Ƙanwarka, mai gadin gidan kanta.