Kadan Alibori da Ƙafata a Kansa

Bagudo, Nuwamba 1961

Zuwa ga Yayata Sakinatu, a Kumasi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, ina fatan kina lafiya, ke da maigida Malam Usuman da yara, Allah Ya ƙara muku lafiya da rufin asiri. Mu nan alhamdu lillahi. Matata Atika ta samu sauƙin ƙafar nan, ƙanenmu Mamuda da mutanensa suna gyaran taru tunda ruwa ya fara ja, motocina kuma suna kan hanya ba fashi. Inna ma tana nan da ɗan tari, sai dai ba ta gidana, kuma dalilin wannan takarda ke nan.

Kin san na je Dahomai neman hanyar kai busasshen kifi. Na bi ta Lolo zuwa Malanbil, na wuce Kandi har Faraku, can na hau jirgin ƙasa zuwa Kwatano. Ga hotuna nan a ciki, domin in da baki na faɗa ba za ki yarda ba. Wanda nake tsaye da kwat, bayana teku ce. Yaya, mu da muke taƙama da Kwara, ashe rijiya muke gadi! Ruwa ba tsallake, yana ruri ba iska ba hadari, na ɗanɗana na tofar, gishiri zalla. Na biyu wani gari ne, Ganbiye, an kafa shi kacokan a kan sanduna cikin ruwa. Kasuwa cikin kwalekwale, awaki a kan dakali, jariri na rarrafe ruwa na gudu ƙarƙashinsa uwar ko ta waiwaya. Ni da aka haifa bakin gulbi sai da na riƙe baki. A Wida kuwa na ga ɗaki guda na mesa, ana ba su abinci ana durƙusa musu, har aka so a rataya mini ɗaya a wuya. Na ce a'uzu billahi, na fita da baya. A raina har ina yi musu dariya, ina cewa Allah Ya raba mu da duhun kai.

To, a hanyar dawowa, kusa da Kandi, bakin wani kogi da ake kira Alibori, muka tarar wani Bature mafarauci ya harbe kada. Ban taɓa ganin irinsa ba, tsawonsa ya kusa kai kwalekwalen Baba. Akwai mai hoto daga Faraku tare da shi, kowa na zuwa yana ɗora ƙafa ana ɗauka, a wanke masa nan take. Ni ma na gyara hula, na ɗora sabon takalmina a kan kansa, na riƙe ƙugu. Na san gidanmu ba a cin kada, ba a kashe shi, tun da ya fid da kakanmu daga ruwa ranar da jirginsa ya kife. Amma ban kashe ba, ban ci ba, kuma wannan kadan ƙasar Dahomai ne, ina ruwansa da Bagudo? Haka na lissafa.

Da na iso na tara gida a falo ina miƙa hotunan hannu zuwa hannu. Inna ta yi ta salati a kan teku, ta yi dariyar awakin Ganbiye. Da na kada ya zo hannunta sai ta miƙe. Ta kai shi bakin taga, ta daɗe tana dubawa, sannan ta tambaye ni ƙafar wa ke kan fuskar ɗan'uwanta. Na yi mata bayanin iyaka, na ce can wata ƙasa ce mai tutarta da shugabanta. Ta tambayi Mamuda ina ruwan Alibori ke zuba, ya ce cikin Kwara. Sai ta ce to ta ji, in nuna mata inda aka tsai da kada aka duba masa fasfo. Na kawo almakashi na ce bari in yanke wurin ƙafar a huta. Ta ce ta takarda zan yanke, ta jikina fa, da ita zan ci gaba da taka ɗakinta?

Kafin la'asar ta ɗaure kayanta ta koma tsohuwar bukkar Baba a bakin ruwa. Gidan kwano, Yaya, da siminti, da gadon ƙarfe, wanda na gina mata da gumina ba wanda ya taimake ni da bulo ɗaya, ta bar shi ta koma kan tabarma cikin danshi da sauro! Ta tafi da hoton. Atika ta kai mata tuwo ta tarar ta naɗe shi cikin farin ƙyalle kamar likkafani. Wai kadan ya mutu cikin baƙi ba wanda ya suturta shi, don haka a binne shi bakin gulbi, kuma wanda ya taka shi ne zai haƙa ramin, ƙafa ba takalmi, da rana tsaka gaban mutane. In ba haka ba, ba ta sake kwana ƙarƙashin rufina.

Ni Attahiru, da na yi makarantar Midil a Sakkwato, da direbobi ke durƙusa mini, in tsuguna ina yi wa takarda jana'iza? Na je wurin liman ina zaton zai tsawata mata. Ya ce binne hoto ba ibada ba ne, amma uwa tana tari cikin bukka ɗanta na kwance kan katifa, wannan kam akwai tambaya a kansa gobe kiyama. Ya kuma tambaye ni ko ramin ya fi ƙarfina ne.

Na ɗauki alƙalami da niyyar roƙonki ki aiko mata da magana, tunda taki take ji. Amma kafin wannan ta kai Kumasi amsa ta dawo, sanyi ya shigo, kuma jiya na tsaya bayan bukkar na ji yadda tarin ke fita daga ƙirjinta. Na fasa. Na riga na ari fartanyar Mamuda, ranar Juma'a bayan an sauko masallaci zan cire takalmin. Wanda zai yi dariya ya yi.

Abu ɗaya nake roƙo. Mai hoton nan na Faraku ya ce mini yana ajiye baƙin fim ɗin, ko guda nawa ake so zai iya sake wankowa. Don Allah kada wannan ya fita bakinki, ko ga Malam. In Inna ta ji, wallahi har Faraku za ta tura ni da likkafani.

Ki gai da Malam Usuman, da Bunyaminu, da Hamsatu mai sunan Gwaggo. Atika da Mamuda suna gaishe ki. Ki sa mu cikin addu'a.

Naki ƙane,
Attahiru