Alƙiblar Benen Rajabali

Litinin, 11 ga Mayu, 2015

Da sunan Allah. Bayan Azahar Mwanaidi, jikar ladaninmu Shomari, wadda sababbin masu benen suka ɗauka injiniyar gyara, ta durƙusa a gefen tabarmata. Ta ce, "Shehe, kafin a kafa sabon mihrabin marmara, akwai magana. Awon na'urata ya nuna alƙiblarmu ta karkace yamma." Na tambaye ta ko ta san wanda ya auna ta tun farko. Ta sunkuyar da kai. Ta sani.

Masu aikin marmara suna jiran sa hannuna kafin ƙarshen wata. In an kafa, ya kafu ke nan.

Laraba, 13 ga Mayu

Ina rubuta wannan domin in tuna wa kaina yadda abin ya gudana. Filin da benen yake kai waƙafi ne na kakana, da ɗan masallacinsa na dutsen murjani. A 1983 iyalan Rajabali suka nemi hayarsa don su gina ofisoshi hawa ashirin da biyu, irin da Darussalam ba ta saba gani ba. Muka gindaya sharaɗi guda: masallaci ya zauna a hawan ƙasa muddin ginin yana tsaye. Mai zanen, wani mutumin Goa ta Indiya mai yawan shan taba, ya juya benen ya fuskanci teku domin iska ta ratsa ofisoshin, saboda haka babu bangon da ya bi tsohon mihrabi. Sai na shiga tsakanin ginshiƙan tun ba a yaɓe su ba, riƙe da kamfas ɗin da na sayo a aikin hajji, na ja layi da gawayi a gaban dattawa.

Daga Rajabali benen ya koma hannun wani banki, daga banki zuwa asusun 'yan fansho, yanzu kuma wasu Larabawa. Sau uku ana sauya sunan da ke bisa ƙofa. Layina kaɗai ne ba a taɓa ba.

Asabar, 16 ga Mayu

Mun sha gahawa da Shomari a bakin titi. Ya ce yarinyar ta yi masa bayani: ƙarfen da ke cikin ginshiƙan ya isa a ƙera jirgin ruwa, shi ya janye allurar kamfas ɗin. Na ce masa mutumin da ya shekara talatin yana kiran salla da muryar akuya ba shi zai koya mini alƙibla ba. Ya ce, "Akuyar dai ba ta taɓa kai jama'a Masar ba, Athumani. Ashe Alƙahira muke ta gaisarwa." Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ni ban yi ba.

Na san hukuncin, na karantar da shi sau ba adadi: wanda ya yi iyakar ƙoƙarinsa wajen neman alƙibla sannan ya kuskure, sallarsa ta yi. To, in ba sallar jama'a ba ce, mene ne yake ci mini rai? Na san amsar, ba na son rubuta ta.

Alhamis, 21 ga Mayu

Na kira Mwanaidi, na ce ban yarda da na'urarta ba, kamar yadda ba ta yarda da tawa ba. Ranar ashirin da takwas, da sha biyu da minti goma sha takwas, rana za ta tsaya daidai bisa Ka'aba. Inuwar duk abin da ke tsaye za ta kwanta a kan layin alƙibla. Na ce ta ɗauko layin mihrabina ta zana shi a saman benen, rana ta raba mu. Ta ce ba a koya musu wannan a jami'a ba. Na ji daɗin haka fiye da kima.

Laraba, 27 ga Mayu

Na kama kaina ina fatan gobe a tashi da hadari. Allah Ya gafarta mini.

Alhamis, 28 ga Mayu

Gari garau. Lif ya tsaya a hawa na ashirin da ɗaya, muka ƙarasa da ƙafa, Shomari yana haki yana cewa in ya mutu a nan a binne shi ta inda jikarsa ta nuna. Ban taɓa hawa saman nan ba. Jiragen ruwa a mashigar teku kamar ƙwaryar kwakwa.

Mwanaidi ta zana layina da alli. Na kafa sandata a kansa, ta daidaita ta da igiyar magina, Shomari yana duban agogo. Da lokacin ya cika, inuwar ta kwanta gefe, tsakanin bakinta da allin kusan faɗin tafin hannu.

Sai Mwanaidi ta ce, "Shehe, in ka so sai in ce masu gyara ne suka buƙaci a juya shimfiɗu." Kunyar wannan tayin ta fi ta inuwar.

Juma'a, 29 ga Mayu

Bayan huɗuba na faɗa wa jama'a da bakina: kuskuren nawa ne, sallolinsu sun yi, daga yau sahu zai karkata dama. Wani akawu daga hawa na tara ya tambaya ko sai ya rama na shekara talatin. Shomari ya ce masa, "Fara rama Asubahin jiya tukuna." Muka juya tabarmi. Na sa hannu a kan sabon zanen.

Lahadi, 31 ga Mayu

Na aika wa Mwanaidi ta zo gida cin shinkafa da kifi. Na ce ta taho da na'urar, tunda hanya ce. Ba wai ina shakkar inda nake salla a ɗakina ba.