Wayarku Har Yau Tana Kiran Mamaci Ya Sha Magani

Zuwa ga Shugaban Shirin Jinyar Marasa Lafiya a Gida,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka.

Sunana Hadiza, matar marigayi Malam Sani tela, a nan Dogon Dutsi. Da likitoci suka ce ciwon hantarsa ya wuce magani, muka dawo da shi gida, sai shirinku ya haɗa mu da ma'aikaciyar jinya, Malama Zalika. Gaskiya mun ga amfani. Da babbar wayar da kuka ba ta take nuna wa likita kumburin cikinsa daga ɗakinmu, a canza magani ba tare da mun wahalar da shi kan babur ba. Ni kuma salulata takan yi ƙara safe da yamma, wata murya ta tuna mini lokacin magani. Allah Ya saka da alheri.

Yanzu ga kukana.

Na farko: Malam ya rasu tun kafin damina. An yi shuka, an yi girbi, gero ya shiga rumbu, muryar nan ba ta daina ba. Ina zaune cikin mata masu gaisuwar mutuwa wayar ta ce, "Lokacin maganin Malam Sani ya yi." Ƙanwarsa ta fashe da kuka. Haka na yi takaba har na fita. Ba ni iya kashe wayar, don da ita ɗiyata da ke aure a Tibiri take samuna.

Na biyu: Malama Zalika ta shigar da rasuwar tun ranar jana'iza. Ashe na'urarku ba ta yarda da shaidar wadda ta rufe masa ido, sai wani babba a ofishinku ya tabbatar. Shi kuwa an canza masa wurin aiki, ba a sa kowa a madadinsa ba. Na je da ƙafata aka ce babu rezo, wai hanyar sadarwa ta ɗauke. Na koma aka ce in yi haƙuri. Kowane mako na'urar tana nuna Malama ta ƙi ziyartar majinyaci, har an ja mata kunne. Ina za ta ziyarce shi, maƙabarta?

Na uku, wanda shi ya sa na rubuto: na'urar ta ƙayyade yawan majinyatan kowace ma'aikaciya. Muddin sunan Malam yana ciki, gurbinsa a cike yake. Maƙwabciyata Inna Gambo tana kwance da ciwon dajin mama. Katanga ce kawai tsakaninmu, ina jin nishinta. Malama takan leƙo ta wanke mata gyambon don Allah, amma maganin rage zafi ba ya fita sai da suna a na'ura. Mijina yana kabari yana riƙe da layin mai rai, alhali shi ko a rijiya bai taɓa tsallake kowa ba.

Ranka ya daɗe, ina roƙo a cire sunansa, a wanke Malama Zalika daga laifin da ba ta yi ba, a kuma ba masu jinya ikon shaida rasuwa da kansu. In duk wannan sai an yi taro, to a fara sa Inna Gambo. Ni zan iya ci gaba da haƙuri da muryar. Ita jikinta ba zai jira taro ba.

Allah Ya taya ka riƙon wannan amana, Ya sa ka gama lafiya.

Wassalam.

Hadiza,
Dogon Dutsi.